Ƙara da girgiza a keke napep ɗin da na mayar na lantarki: laifin inji ne ko na kwantirola?

Mai gareji a Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Na cire injin fetur daga wani keke napep, na sa masa injin lantarki mai maganaɗisu da batir mai bolt 72, kuma yana tafiya lafiya. Matsalata biyu ce. Idan na murɗa totur daga tsaye, keken kan yi fizga sau biyu ko uku kafin ya daidaita, har wata fasinja da na ɗauka daga PZ zuwa Samaru a nan Zariya ta tambaye ni ko koyon tuƙi nake yi. Bayan haka akwai ƙugi a ƙaramin gudu, wanda ke rikiɗa zuwa siririn fito idan na hau titin Kwangila. Na canza boris, na ɗaure duk notocin mazaunin inji, ban ga canji ba. Shin sai na sayi wani injin?

Malamin lantarki, Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar sayen inji, domin alamun da ka bayyana sun fi kama da na kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da batir ke bai wa injin. Ka fara da gwaji ɗaya: ka kai keken gudun da ƙarar take fitowa, a hanyar da babu cunkoso, sannan ka saki totur gaba ɗaya. Idan ƙarar ta ɗauke nan take alhali ƙafafun suna ci gaba da juyawa, daga wutar da ake bai wa injin take. Idan ta ci gaba, to giya ce ko boris.

Yawancin kwantirola masu araha suna bin tsarin mataki shida, wato na'urorin Hall guda uku da ke cikin injin suna sanar da inda maganaɗisu yake, ita kuma kwantirola tana sauya koyil ɗin da take bai wa wuta sau shida a kowane zagaye na lantarki. A duk sauyi ƙarfin juyin yakan ɗan faɗi ya sake tashi, kuma wannan bugun ne kunne yake ji. Injin da ke da maganaɗisu takwas, idan yana juyi 3,000 a minti, zagayen lantarkinsa 200 ne a daƙiƙa, saboda haka bugun zai kai 1,200 a daƙiƙa, wanda shi ne fiton da kake ji a Kwangila. Maganinsa shi ne kwantirola mai tsarin FOC, dabarar da Felix Blaschke ya bunƙasa a kamfanin Siemens na Jamus a farkon shekarun 1970. Ita tana auna wutar da ke ratsa koyiloli, ta shigar da ita a hankali ta janye ta a hankali, ta yadda ƙarfin juyin zai zauna kusan daidai a duk zagayen.

Ɗalibar injiniya, Tudun Wada:
Malam ya yi bayanin ƙugin, amma ina ganin fizgar tashi wata aba ce daban. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa cikin ƙiftawar ido, sai sandar da ke kai juyi ga ƙafafu ta murɗe kamar roba ta sake warwarewa, giya kuma ta bugi 'yar uwarta saboda ɗan sararin da ke tsakanin haƙora. A motocin lantarki kwantirola tana lura da rawar gudun injin ta rage ko ta ƙara ƙarfi don ta kashe ta. A keke kuwa, sau da yawa ya isa a shiga saitin kwantirola a sa ƙarfin ya riƙa hawa sannu a hankali maimakon ya zo gaba ɗaya.

Malamin lantarki, Samaru:
Gaskiyarki, na tsallake wannan. Abin da zan ƙara shi ne gargaɗi, domin wasu za su ba ka shawarar ɗaga saurin kunnawa da kashewar kwantirola zuwa kusan sau 20,000 a daƙiƙa, inda kunnen ɗan Adam yake daina ji. Ƙarar kunnawa da kashewar ce kawai za ta ɓace, ba bugun mataki shida ba, sannan kowane kunnawa yana haifar da zafi, kuma kwantirolar da ke ƙarƙashin kujera a zafin Afrilu na Zariya ba ta da sararin ɗaukar ƙari. Tesla ta sa tiransista na silikon kabaid a Model 3 tun 2017, waɗanda ke jure irin wannan aiki, sai dai ba su ne a cikin kwantirolarka ba. Ka sani kuma FOC ba za ta yi kyau ba sai an yi mata saitin kusurwar na'urorin Hall daidai, in ba haka ba injin zai yi zafi ya kuma cinye batir.

Mai gareji a Sabon Gari:
Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin da safe a hanyar Shika, kuma da na saki totur fiton ya ɗauke kamar an rufe masa baki. Na kuma sami saitin hawan ƙarfi na sassauta shi, fizgar ta ragu ƙwarai. Malam, idan na samo kwantirola mai FOC, zan iya kawo keken Samaru ranar Asabar mu yi saitin tare?