Wanne katin hoto na kwamfuta (GPU) zan saya, 3060, 4060 ko 3070 na hannu?

Sadiq Jidda: Assalamu alaikum yayyena na zaure, dan Allah shawara nake nema. Aikina editin bidiyo ne, na biki da na masu zuwa Umara, yanzu kowa wayarsa 4K take ɗauka kuma GTX 1050 Ti ɗina mai 4GB ya fara sarewa, ina ɗora kala a manhajar editin DaVinci Resolve sai hoton ya dinga tsinkewa. Na tara abin da bai kai riyal 1,500 ba. RTX 3060, RTX 4060, ko in nemi 3070 na hannu? Ina ɗan taɓa gem da daddare amma ba shi ne a gaba ba.

Abban Hanif: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda aiki ne a gaba ɗauki 3060 mai 12GB ka huta. Ya fito ne Fabrairun 2021 a kan dala 329, CUDA (ƙananan injinan lissafi na katin Nvidia) 3,584, hanyar memorinsa bit 192 tana ɗaukar 360GB a daƙiƙa, shi kuwa 4060 duk da ya fi shi sabunta, na Yunin 2023 ne, 8GB kawai suka ba shi da bit 128, 272GB a daƙiƙa. Editin 4K memori yake ci, musamman in ka sa masa cire dusar hoto ko ka jera kilif da yawa a kan juna, in 8GB ta cika ba a hankali zai riƙa tafiya ba, tsayawa zai yi ya ce ma memori ta ƙare kana tsaka da rendarin aikin mutane.

Nura Riyad: Yaya Abban Hanif ina girmama ka amma gaskiya ban yarda gaba ɗaya ba. Wannan lissafin bit ɗin bai faɗi komai da komai ba, 4060 an ƙara masa ma'ajiyar L2, wato ƙaramar memori mai sauri da ke cikin katin, zuwa 24MB, na 3060 3MB ce kacal, shi ya sa ba ya yawan komawa memori, kuma a gem na 1080p yana gaban 3060 da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Ga DLSS 3 mai ƙirƙiro firem wanda duk jerin 30 ba su da shi, ga fitar da bidiyo a sabon tsarin matse bidiyo na AV1, su jerin 30 karantawa kawai suke iyawa. Sannan wat 115 yake sha, 3060 kuma 170.

Abban Hanif: Duk gaskiya ne Nura, amma yaron nan ya ce gem ba shi ne a gaba ba. Wa zai karɓi bidiyon bikinsa a AV1? Mutane a waya da talabijin za su kalla, H.264 suke so.

Malam Habu Makka: Kafin ku yi nisa, Sadiq pawa saplai ɗinka wat nawa ne? Wannan ake fara tambaya.

Sadiq Jidda: Malam 450 aka rubuta a jikinsa, wanda ya zo da kes ɗin ne.

Malam Habu Makka: To ka cire 3070 daga lissafi sai dai in za ka canja shi. 1050 Ti ɗinka wat 75 ne, mafi yawansu ko waya ba a jona musu, daga ramin madabod suke sha. 3070 wat 220 ne kuma Nvidia da kansu 650 suka ce a sa masa, su 3060 da 4060 kuwa 550 suka rubuta. Irin pawan da ke zuwa da kes sau da yawa ba ya ba da abin da aka rubuta a kai, buɗe ka duba ko yana ma da waya mai fil 8. A shagona na sha ganin an kawo kwamfuta wai kati ne ya lalace, tana mutuwa da zarar an fara rendarin, ina canja pawa sai ta miƙe. Ka ware kuɗin pawa mai kyau daga cikin 1,500 ɗin tun yanzu, abin da ya rage shi ne kuɗin katinka.

Ummu Ramla: Ni ma editin nake yi a Madina, 3060 mai 12GB nake amfani da shi kuma alhamdulillah ya riƙe ni. Abu ɗaya dai ɗan'uwa, ka karanta kwalin da kyau, a ƙarshen 2022 sun fitar da wani 3060 mai 8GB da bit 128, sunan iri ɗaya ne amma ya fi rauni. In ka ga farashi ya yi sauƙi da yawa ka fara duba wannan.

Bello Dammam: Maganar na hannu, wlh ku yi hattara da jerin 30. Su ne aka yi haƙar kirifto da su a 2021 har farashi ya haukace, da Ethereum ta daina haƙa a Satumban 2022 aka zubo su kasuwa. Na sayi ɗaya a hannun wani mutum ya rantse min ɗansa ne ke gem da shi, da na kwance shi fatun da ke kan memori sun bushe suna farfashewa kamar tsohon ƙuli-ƙuli, fanka ɗaya kuma tana gurnani. Ba wai duk wanda aka yi haƙa da shi ya mutu ba ne, amma kar ka ba da kuɗi sai an kunna a gabanka, ka buɗe manhajar GPU-Z ka tabbatar da sunansa da memorinsa, ka sa masa FurMark, manhajar gwada kati, kamar minti 20 kana kallon zafi kana sauraron fanka, ka kuma nemi fatura (rasit) ko da damani (garanti) ya rage.

Nura Riyad: Wannan ma wani dalili ne na 4060, sabo da damaninsa. Ga zafin ƙasar nan, ɗakin da mukayyif (AC) ɗinsa ba ya ja sosai wat 55 ɗin nan na tsakaninsu za ka ji shi a jikinka da rani.

Abban Hanif: Nan na yarda da kai. In bai samu 3060 12GB mai tsabta ba gara sabon 4060 da tsohon da bai san tarihinsa ba, sai ya riƙa yin furoksi yana editin da ƙananan fayil. 3070 dai ko ya fi su ƙarfi da CUDA 5,888 ɗinsa shi ma 8GB ne, matsalar tana nan.

Bello Dammam: Ba wanda ya ambaci AMD. RX 6700 XT 12GB ne shi ma kuma a gem ya doke 3060 da 4060 nesa ba kusa ba, sai dai wat 230 ne, kuma babu CUDA.

Malam Habu Makka: Bello bar shi a Nvidia, pawansa ba zai ɗauka ba. Sadiq kana lissafi ka tuna riyal 3.75 ne dala, dala 299 da 4060 ya fito a kai a 2023 ya kama wajen 1,120 kenan kafin harajin kashi 15, in an gaya ma farashi ka tambaya da dariba ne ko babu. Ka zaga shagunan titin Khalid bin Walid ka ji bakin mutum uku tukuna.

Sadiq Jidda: Allah ya saka da alheri, na buɗe yanzu Malam, babu mai fil 8, mai 6 ce guda ɗaya. Zan fara da pawa 550 sannan in nemi 3060 12GB ɗin. Anti Ummu Ramla naki mai fanka biyu ne ko uku? Kes ɗina ƙarami ne.

Ummu Ramla: Biyu ne kuma ya ishe shi. Ka auna daga bayan kes zuwa inda had disk yake ka tafi da awon a wayarka, tsawon kowane kati a rubuce yake a kwalinsa.