Neman shawara: daga ina zan fara sauraron kiɗan pank, hadko da altanatif rok?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar wannan zaure. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma a 'yan watannin nan kunnena ya kamu da kiɗan jita mai ƙarfi, tun bayan da wani abokin karatuna ya tura mini kundin Nevermind na ƙungiyar Nirvana. Da na shiga bincike sai na ga ana ta ambaton pank da hadko da altanatif rok, kowanne da tarin ƙungiyoyinsa, har na rasa ta inda zan kama. A nan Sakkwato kuwa, idan ka je wurin masu tura waƙoƙi a waya ka ambaci irin waɗannan sunaye, sai su girgiza kai su ce sai dai na Indiya ko na gida. Ina roƙon wanda ya san harkar ya ba ni sunayen kundin da zan saurara daga farko har ƙarshe, domin data ta yi tsada, ba zan iya sauke duk abin da na gani ba. Ina kuma so a bambanta mini waɗannan nau'o'i uku, sannan a gaya mini kundin da ke ɗauke da zagi ko batsa, saboda ɗaki ɗaya muke da ƙannena.

Malam Na-Arkilla ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ita ce ka bi abin yadda ya zo a tarihi, domin Nirvana jikoki ne, kuma ba za ka gane inda suka dosa ba sai ka ji kakanninsu.

Fara da kundin farko na Ramones, wanda ke ɗauke da sunansu, ya fito a 1976. Samari huɗu ne daga birnin New York, suka yi waƙa 14 a cikin ƙasa da rabin sa'a, a lokacin da manyan makaɗan rok suke jan waƙa ɗaya har minti goma suna nuna gwaninta. Ka sa kunne a kan jitar: makaɗin zuwa ƙasa kawai yake buga tsirkiya, hannunsa ba ya bugawa idan zai dawo sama, shi ya sa sautin yake fitowa a dunƙule babu numfashi. Wannan shi ne pank a asalinsa, gajeriyar waƙa mai sauri wadda yaron da ya koyi riƙon jita jiya zai iya gwadawa. Sai dai ka sani akwai waƙa ɗaya a ciki da ke maganar shaƙar sholisho, ita kam ka tsallake ta idan yara na kusa.

Daga nan ka haye Ingila ka ɗauki London Calling na The Clash, na ƙarshen 1979. A ganina, idan kundi ɗaya tak kuɗin datarka zai iya saukewa, to wannan ne. Waƙa 19 ce a faifai biyu, kuma mutanen sun fita daga ƙuncin pank sun ɗebo rege da ska daga Jamaika, saboda wasunsu sun tashi ne a unguwannin Landan tare da 'ya'yan baƙin da suka zo daga can. Maganarsu ta rashin aikin yi ce, da 'yan sanda, da yaƙin basasar Sifen, da saurayin da ya gama makaranta ya rasa madafa. Wanda ya taɓa yawo da takardunsa a cikin leda daga ofis zuwa ofis zai gane su ko da Turancin ya yi masa nauyi.

Hadko kuma Amurkawa ne suka ɗauki pank suka ƙara masa gudu da zafi a farkon shekarun 1980. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, cikin waɗanda suka aza harsashinsa har da baƙar fata huɗu daga birnin Washington, wato Bad Brains, waɗanda suka fara da kiɗan jaz kafin su juya, shi ya sa ko a tsakiyar gudun nan hannunsu ba ya kuskure. Kaset ɗinsu na 1982 yakan ruga da kai kamar zai kife, sai kwatsam ya sauka zuwa rege mai sanyi. Ni idan na ji su, kiɗan damben Ɗan Anace ke faɗo mini a rai, domin aikin mawaƙin a nan shi ne zuga, ya tsima jini har mutum ya kasa zama. Ka lura mabiya aƙidar Rasta ne, kuma suna ambaton ta a waƙoƙinsu.

A wannan birnin ne kuma aka yi Minor Threat, daga 1980 zuwa 1983. Jagoransu Ian MacKaye ya rubuta wata waƙa mai suna Straight Edge da ba ta kai minti ɗaya ba, yana cewa shi ba ya buƙatar ƙwaya don ya rayu, kuma daga ita aka samu tafiyar matasa masu ƙin giya da taba da kayan maye, suna zana alamar X a bayan hannu. Asalin alamar, masu gidajen rawa ne ke yi wa yaran da shekarunsu ba su kai ba don kada a sayar musu da giya, sai yaran suka mai da ita abin alfahari. Duk waƙoƙinsu suna cikin kundi ɗaya, Complete Discography. Amma fa bakinsu ba shi da linzami, ashar ya yi yawa, kuma akwai waƙar da ke sukar addini, don haka wannan na iyafis ne.

Baƙon Illela ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, duk abin da ka lissafa na gaske ne, amma ina da ja a kan tsarin. Idan aka ɗora wa sabon shiga Minor Threat a makon farko, ina tsoron ya toshe kunne ya ce hayaniya ce. Ni a ganina ya fara da abin da jininsa ya riga ya sani, kuma abin yana nan kusa da mu, tsallaken iyaka kaɗan.

Ɗan'uwa, nemi Mdou Moctar. Ba'abzine ne daga yankin Tawa a Nijar, bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Abin da zai ba ka mamaki, kundinsa na farko, Anar, a nan garin Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar na'ura da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa a lokacin, kuma ta memori da bulutut ya yaɗu daga waya zuwa waya kafin Turawa su ji labarinsa. Yau kamfanin Matador ne ke fitar da shi, kamfanin da ya fitar da manyan ƙungiyoyin altanatif irin su Pavement da Interpol. Saurari Afrique Victime na 2021, musamman waƙar da kundin ya ci sunanta: tana farawa a natse, sai mai ganga ya riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan ba ka ankara ba, har jitar ta koma kuka. Funeral for Justice na 2024 ya fi shi zafi, kuma maganarsa a kan mulkin mallakar Faransa da halin da Afirka ke ciki babu ɓoye-ɓoye. Da Tamashek yake yawancin waƙarsa, kuma ban taɓa jin abin da zai sa ka rage murya saboda ƙanne ba. Idan ya zauna maka, ƙara da Music in Exile na Songhoy Blues, 2015, samarin da suka baro arewacin Mali zuwa Bamako lokacin da masu bindiga suka hana kiɗa a can.

'Yar Runjin Sambo ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Na lura babu wanda ya taɓa ɓangare na uku, alhali ta nan mai tambaya ya shigo. Altanatif rok shi ne abin da ya tsiro bayan hadko ya gaji da gudu, a ƙananan kamfanoni da gidajen rediyon jami'o'in Amurka, kafin Nevermind ya fasa ƙofa a 1991, har a Janairun 1992 ya ture kundin Michael Jackson daga matsayi na ɗaya.

Ƙanena, tunda Nirvana ka so, Doolittle na Pixies, 1989, shi ne na gaba. Wannan salon na yin baiti da sanyin murya, bes (jita mai kaurin murya) da ganga kaɗai, sannan a fashe da ƙara a wurin amshi, daga wurinsu aka gani, kuma Kurt Cobain, jagoran Nirvana, da bakinsa ya ce su yake ƙoƙarin kwaikwaya. Mace ce ke kaɗa musu bes a lokacin, Kim Deal, kuma muryarta ce ke tausasa ihun jagoran. Kalmominsu kan shiga zancen jini da mutuwa, ka karanta su tukuna. Don lokacin karatu da dare kuwa, Murmur na R.E.M., 1983, ya fi dacewa, sai OK Computer na Radiohead, 1997, wanda nake ganin ba a ƙara yin kundin da ya kama kaɗaicin zamanin na'ura kamarsa ba.

Ina kuma so ka san cewa namu ma suna ciki. Kele Okereke, mai waƙa a Bloc Party, iyayensa Ibo ne, kuma kundinsu Silent Alarm na 2005 gangunansa kaɗai sun isa dalilin saukewa. Tunde Adebimpe na TV on the Radio ɗan Yarabawa ne, ka gwada Dear Science na 2008. Tun a 1978 ma akwai Poly Styrene ta X-Ray Spex, wadda mahaifinta ɗan Somaliya ne, ta yi Germfree Adolescents tana caccakar talla da son kayan duniya, da busar saksafon a cikin kiɗan pank, abin da ba a saba ji ba. Roƙona ɗaya, kada ka cika ƙarar iyafis. Wannan kiɗa yana jan mutum ya ƙara murya, kuma kunnen da ya fara tsuwa ba ya saurin dawowa daidai.

Malam Na-Arkilla ya sake amsawa:

Ɗan'uwana na Illela, na karɓi maganar Mdou Moctar hannu biyu, kuma zancen ɗaukar Anar a garin nan abin a riƙa faɗa ne. Sai dai kada yaron ya ɗauka pank ya ji. Mdou gwanin jita ne mai dogon zango, gidan su Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jitar rok na Amurka, ya fi kusa da shi, shi kuwa pank an gina shi ne a kan cewa ba sai ka zama gwani ba. Inda suka haɗu shi ne fushi a kan zalunci, da kuma fara abu da hannunka ba tare da jiran babban kamfani ba.

A kan wannan ne nake so in ƙara Fugazi, ƙungiyar da MacKaye ya kafa bayan Minor Threat. Sun riƙe kuɗin shiga wasansu a wajen dala biyar shekara da shekaru, sun ƙi sayar da riguna masu sunansu, sun ƙi manyan kamfanoni suka zauna a nasu, Dischord, kuma idan masu rawa suka fara ture na kusa da su har a ji ciwo, sukan tsai da kiɗa, wani lokaci su mayar wa mutum kuɗinsa su sallame shi. Kiɗan nasu ya bar wa bes fili kamar na rege, don haka kunnen da ya ji London Calling ba zai wahala ba. Repeater na 1990 ne mafari, The Argument na 2001 kuma shi ne na ƙarshensu, ya fi taushi.

Ɗan Mabera ya dawo:

Malam, Yaya, da ɗan'uwana na Illela, Allah ya saka da alheri. Na tsara zan fara da Afrique Victime da London Calling, sannan Doolittle, in bar Minor Threat sai kunnena ya ƙara ƙwari. Tambaya ɗaya ta rage: na duba Bad Brains na ga wasu waƙoƙin sun maimaitu a kundi biyu daban, wanne zan ɗauka?

Malam Na-Arkilla ya amsa:

Abin da ka gani Rock for Light ne na 1983, inda suka sake ɗaukar da yawa daga waƙoƙin kaset ɗin farko tare da Ric Ocasek na ƙungiyar The Cars, sautin ya fito fes. Ni dai na 1982 nake so, mai bangon rawaya da hoton tsawa tana faɗa wa ginin majalisar Amurka, domin ƙurar da ke cikin sautinsa tana daga cikin daɗinsa. Idan lasifikar wayarka ƙarama ce, ɗauki na 1983, zai fi fitar maka da bes. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ka nemi I Against I na 1986, inda suka rage gudu suka ƙara nauyi.