Maganaɗisun LHC: ta ina zan kama?

Hauwa: Salamu alaikum 'yan zaure. An ba ni samina kan maganaɗisun da ke lanƙwasa hanyar furoton a LHC, wato katafaren injin cibiyar bincike ta CERN da ke gwara ƙwayoyin furoton da juna a cikin rami ƙarƙashin ƙasa, saura mako biyu. Don Allah ta ina zan kama?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Kada ki ruga wajen Higgs, ƙwayar nan da aka gano da injin, kowa can yake tafiya. Fara da tambaya ɗaya: me ya hana a yi amfani da wayar tagulla? Manyan maganaɗisun nan guda 1232 ne, kowanne tsawon mita 15, yana shan wuta kusan amfiya 12,000 kafin ya ba da ƙarfin maganaɗisu na tesla 8.3. Tagulla mai kaurin wayarsu narkewa za ta yi. Shi ya sa aka haɗa niyobiyam da titaniyam, aka tsoma wayar cikin ruwan heliyam mai sanyin kelbin 1.9, dab da ƙarshen sanyi, inda turjiyar wuta ke ɓacewa ɗungurungum.

Bashir: Ni dai shawarata, nemi rahoton CERN kan abin da ya faru ranar 19 ga Satumba 2008. Mahaɗar waya guda ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu ce ta yi zafi, wuta ta yi tsalle ta huda bututu, heliyam kusan tan 6 ya tsere. Sai da aka ciro maganaɗisu 53 daga ramin, injin bai dawo aiki ba sai Nuwamba 2009. Idan kika gane wannan, kin gane kwenc, wato dawowar turjiyar wuta farat ɗaya a wayar maganaɗisu.

Hauwa: Yaya Bashir, kwenc ɗin nan shi ne ya hana ni barci wallahi.

Zainab: Littafin Martin Wilson na 1983 kan irin waɗannan maganaɗisu ya warware shi tiryan-tiryan. Ya tsufa, amma babin kwenc har gobe ana karanta shi. Ɗan wuri kaɗan ya ɗumama, turjiya ta dawo, zafi ya bi waya kamar wutar daji.

Malam Sani: Wilson zai yi mata nauyi cikin mako biyu. Laccocin CAS, makarantar CERN ta koyar da irin waɗannan injuna, kyauta suke a intanet, ta fara da su. Hauwa, ki rufe da niyobiyam-tin, haɗin wayar da aka zaɓa don HL-LHC, wato gyaran ƙara wa LHC yawan karon furoton. Ya fi ƙarfi, yana wuce tesla 11, amma gautsi gare shi. Sai an naɗe wayar tukuna a gasa ta a zafin digiri kusan 650 na Salsiyas, kamar tukunyar ƙasa, daga nan kuma sai lallaɓawa.

Hauwa: Na gode Malam. Zainab, babi na nawa ne?