Shawarwari ga mai son koyon Sifaniyanci a San Pedro La Laguna

Da aka tattauna zaman karatu a San Pedro La Laguna, ƙaramin gari a bakin Tafkin Atitlan na ƙasar Guatemala, bakin waɗanda suka taɓa zama can ya zo ɗaya a kan masauki: ka sauka gidan 'yan gari, ka bar otal. Makarantun koyon Sifaniyanci na garin ne ke haɗa ɗalibi da iyali, ya ci abinci sau uku a rana, galibi ban da Lahadi. Wajen cin waina ta masara da baƙin wake ne baki ke buɗewa. In kai Musulmi ne, ka faɗa wa uwargida tun ranar farko cewa ba ka cin alade, har da kitsensa, don wasu na soya wake da shi.

Karatun ɗalibi ɗaya ne da malami ɗaya, yawanci awa 4 a rana. Suka ce ka biya kuɗin mako guda tukuna. In ba ku daidaita da malamin ba, ka nemi a canza maka.

An ɗan yi saɓani kan garin. Wasu na ganin baƙi masu Turanci sun cika bakin ruwa. Ni ina tare da masu cewa ka hau tudu wajen kasuwa ka yi ciniki da Sifaniyanci. Harshen uwa na mutanen garin Tz'utujil ne, shi ya sa da yawansu ke magana a hankali, mai koyo ya kama. Ka koyi gaisuwarsu ma.

Kada ka sha ruwan famfo. Kwalekwalen Panajachel kuwa, garin da ke ɗaya gefen tafkin, da safe ake shiga, don iska na tayar da tafkin bayan azahar.