Kuɗin lauya daga cikin kuɗin diyya: ba an hana wannan a jihar Nebada ta Amurka ba?

Mai Zanen Gini:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan ofishin zanen gine-gine a Las Begas, mu uku ne. Dillalina ya aiko min da takardun sabunta inshorar kuskuren aiki, iyakarta dala miliyan 1. A shafi na biyu an rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk abin da aka kashe wajen kare ni a kotu, daga cikin miliyan ɗin nan za a cire. Ni kuma na ji an ce jiharmu ta hana wannan tun 2023. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, ɗaya inshorar tawa, wadda ke biya idan wani ya zame ya ji rauni a ofis, ba ta da wannan sharaɗin. Ina gaskiyar take?

Tsohuwar Dillaliya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka ji daidai. Dokar AB 398 ta fara aiki ran 1 ga Oktoba 2023, kuma ta hana sayarwa ko sabunta inshorar da kuɗin lauya ke zaftare iyakarta, amma daga baya ƙa'idar jihar ta taƙaita hanin ga wasu nau'o'in inshora kaɗai, kuma ta kuskuren aikin mai zanen gini ba ta cikinsu. Haka kuma hukumar inshorar jihar ta fito ta fayyace cewa hanin bai hau kan kamfanonin da ba su da lasisin Nebada ba, waɗanda ake sayen kayansu ta hannun dillali na musamman. Duba shafin farko. In ka ga sanarwa cewa kamfanin ba ya ƙarƙashin kulawar jihar, kuma asusun ceto na jiha ba zai biya ka ba idan ya durƙushe, to amsarka ke nan.

Ita ɗaya inshorar, haka tsarinta yake tun asali: kamfani na biyan lauya daga aljihunsa, iyakar tana nan cif har sai an biya diyya ko an yi sulhu. Ta kuskuren aiki da ta daraktocin kamfani su ne aka saba cusa kuɗin lauya a ciki, don shari'unsu na da tsawo da tsada.

Akanta a Niyok:
In ƙara kan maganar Hajiya, kada kowa ya ɗauki dokar wata jiha ya auna tasa. Tun dokar tarayya ta McCarran-Ferguson ta 1945 aka bar wa jihohi ragamar harkar inshora. Mu nan Ƙa'ida ta 107 gare mu. Ba ta hana gaba ɗaya ba: ta yarda a wasu nau'o'in inshora, in iyakar ta kai wani adadi, kuma a ƙa'ida kuɗin lauya ba zai ci fiye da kashi 50 cikin 100 ba, sai in an ba ka ta cewa wajen zaɓen lauyan. A ganina wannan ya fi hani ɗungurungum. Ka ce wa kamfani ya biya lauya ba iyaka, ai a kuɗin shekara zai fanshe.

Wanda Ya Sha Kotu:
Ɗan'uwa, bar batun doka tukuna, yi lissafi. A ce an maka ka kan tsagewar bango. Lauyoyi, injiniyan da za a ɗauko ya ba da shaida, ɗaukar bayanan shaidu, a ce sun lashe dala 400,000. Alƙali ya yanke 800,000. Saura 600,000 a inshora, cikon 200,000 kuwa daga aljihunka. Kuma a Amurka ko ka yi nasara, galibi kowa shi ke biyan lauyansa.

Abin da ya fi ci min rai a tawa shari'ar shi ne duk wata takardar kuɗin lauya na zuwa, ina kallon abin da ya rage yana zagwanyewa kamar kitse a wuta. Na san ina da gaskiya, amma duk wata hujja da na ce a bi, kuɗina nake ƙonawa. Lauyan mai ƙara ma ya san haka, don sai da aka nuna masa takardar inshorar. Shi ya sa ya yi saurin kawo tayin sulhu tun tukunyar na da nama, ya kuma sa wa'adi. Na karɓa ba don na yarda na yi laifi ba. Wani abin da ba a faɗa wa mutum: ranar da iyakar ta ƙare, kamfani na iya janye lauyansa ko shari'a na tsakiya.

Mai Zanen Gini:
Hajiya, sanarwar na nan kuwa, har da hatimi a gefe. To me zan nema?

Tsohuwar Dillaliya:
Ka ce ya kawo maka farashi daga kamfani mai lasisin jihar, ka ajiye su gefe da gefe. In ya yi tsada, tambayi nawa za a ƙara a ware wa lauya nasa kason daban, ko a ɗaga iyakar zuwa miliyan 2. Ka kuma tambaya ko kason farko da kai za ka biya ya shafi kuɗin lauya ko diyya kaɗai, don in ya shafi lauya, ko ƙarar banza aka shigar sai ka zaro kuɗi. Amsar ta zo a rubuce kafin ka sa hannu.