Ban da malami mai duba kundi, wurin wa ɗalibin digiri na biyu zai je?

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin Tarihi, kuma ina koyarwa a sakandare, sai Juma'a da Asabar nake samun shiga makaranta. Kwas ya ƙare, saura kundi, a kan cinikin fatu a Kano zamanin Turawa. Malamin da ke duba min aiki mutumin kirki ne, amma ɗalibai sun yi masa yawa, babina na biyu yana kan teburinsa tun kafin azumi. Mujallu kuwa, duk wadda na buɗe a intanet sai ta ce in biya da dala. Don Allah waɗanda suka riga mu, ina ake samun agaji? Kuma da gaske ne TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ba ɗalibai kuɗin bincike?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki cire rai da TETFund. Tallafin karatunsu na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kuma makarantar ce ke tura sunan mutum. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, na bayarwa, amma ƙarfinta a fannin man fetur da gas yake. Maganar dala kuma, kada ki biya ko sisi tukuna. Ki je sashen kwamfuta na laburarenku ki tambayi yadda ake shiga JSTOR, rumbun mujallun bincike na intanet. Jami'o'i da yawa suna da rajista, ɗalibai ne ba sa tambaya.

Tsohon Malami:
'Yata, aiki irin naki intanet ba zai ƙosar da shi ba. Ki shirya ki tafi Kaduna. Fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can, sannan ga Arewa House, gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar bincike tun 1970. Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku kafin ki hau mota.

Batun babi kuwa, ki bi a sannu. Kada ki kai ƙara wurin shugaban sashe, malamai ba sa mantawa da irin wannan. Akwai kodinetan ɗaliban gaba da digiri, shi ke tsara semina. Ki gaishe shi, ki tambayi ranar ta gaba. Da zarar sunanki ya hau jadawali, babin nan zai sauko daga tebur da kansa. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

Maman Biyu:
Yaya, ki sauke manhajar Zotero, kyauta ne, shi zai jera miki manazarta. Ki kuma tambayi kason kamanceceniya da rubutun wasu da suke yarda da shi a Turnitin, manhajar gano satar rubutu, tun yanzu, ba sai an kusa kare kundi ba. Rajistar kowace shekara ma kada ki bari ta wuce ki, ko da ba kya shiga aji.

Ummu Hanifa:
Allah Ya saka da alheri. Baba, a Kadunan ana barin mutum ya ɗauki hoton fayil da waya, ko sai dai kwafa da hannu?