An kashe maciji ba a sare kansa ba: anya ta hau kan ciwon baya?

Direban Tirela:
Assalamu alaikum. Babbar mota nake tuƙawa a nan Amurka, wata rana har awa 11, iyakar abin da doka ta yarda ke nan. Bara baya ya riƙe ni, ruku'u ya gagara, sai a kan kujera nake salla. Aka kai ni wurin masu gyaran ƙashin baya da hannu, waɗanda ake kira kairofrakta. Zai kwantar da kai rub da ciki a kan wani siririn gado, ya danna, ka ji ƙas. Zuwa shida na yi, na miƙe garau. Da na je yi masa godiya, sai ya ce in riƙa zuwa duk wata ko babu ciwo. Na gaya wa Hajiyarmu a waya, ta ce, "Ci gaba da zuwa, kada ka kashe maciji ka bar kansa." Maganar ta tsaya mini a rai. Anya ta hau nan?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya. Asalin maganar a kan aikin da aka bari rabi da rabi ne: an doke abin har ya kwanta, amma an bar wurin da dafin yake. An fi kawo ta a kan rigima, kamar a raba faɗan gona ba a tsayar da iyaka ba. Sai dai ba a hana ta shiga zancen cuta.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, ai a wurinmu kullum ita ce a baki. Mai tarin fuka wata shida zai yi yana shan magani. Da ya yi 'yan makonni, tari ya lafa, ya fara cin tuwo, sai ya ɗauke ƙafa. In ya dawo, wani lokaci ƙwayar cutar ta daina jin maganin farko, jinyar ta ƙara tsawo da wahala. Na ga uwa zaune a bakin gado tana kuka a kan haka, katin ɗanta a hannu, rabinsa babu alamar zuwa. Ni dai ina bayan Hajiya.

Ɗan Zinder:
Anti, ban musa miki ba a kan tarin fuka. Can akwai ƙwayar cuta, ana ganinta a gwajin majina, an kuma san ranar gamawa. To shi ciwon bayan ɗan'uwanmu, ina kan macijin? Wanda aka sare kansa ai an gama da shi. In kuwa aka ce ka riƙa zuwa duk wata ba ranar sallama, to ba sarewa ake ba, gadin macijin ake. Ko mai ɗori a gida, in ƙashi ya kama, kwance karan yake ya sallame ka.

Ma'aikaciyar Jinya:
Mai hawan jini fa? Shi ma ba ranar sallama.

Ɗan Zinder:
Shi ya sa ba zan kawo masa wannan karin maganar ba. Nasa riƙo ne, ba kisa ba.

Mai Gashin Ƙashi:
Aikina ke nan, bari in sa baki. Wannan sana'a ta kairofrakta wani Daniel David Palmer ne ya fara ta a 1895 a Davenport, jihar Iowa, kuma tun tuni ake gardama a kan zuwan nan na bayan an samu sauƙi. A 2018 an fitar da wani bincike daga Suwidin a kan masu ciwon baya mai tafiya yana dawowa, waɗanda gyaran ya karɓe su tun farko. Masu zuwa a kai a kai sun samu ragin kusan kwana 13 na ciwo a shekara a kan masu jira sai ya tashi, amma sun fi su yawan zuwa. Wato akwai wanda abin yake yi wa amfani, ba kowa ba. Alhaji, in ka tambaye ni, kan macijinka yana cikin motar: kujerar nan, da dogon zama, da dirowa da ƙarfi in an tsaya. Ka tambayi mai gyaran bayan naka zuwa nawa ya rage, me yake dubawa da zai nuna an gama, wane motsa jiki za ka yi da kanka. Kada ka biya kuɗin watanni a dunƙule kafin ya amsa. In kuma ka ji ƙafa ta mutu, ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, asibiti za ka nufa a ranar.

Malamin Hausa:
To ashe Hajiya ta yi daidai a karin magana, saɓanin a kan inda kan yake ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Alhaji. Sau nawa bayan ya taɓa riƙe ka?

Direban Tirela:
Wannan ne na uku cikin shekara biyu, Malam, kuma duka bayan doguwar tafiya ne. Ranar Litinin zan koma wurinsa da tambayoyin nan uku a rubuce. Yau ma na tsaya sau biyu a hanya na ɗan taka, abin da ban saba ba.